An yafe bashin haya, amma an ce a tashi: matsayin ɗan haya a shari'ar karayar arziki

Wanda bashi ya yi wa katutu har ya kai kansa gaban hukuma a ayyana karayar arzikinsa, abin da ya fi ji daga bakin mutane shi ne da zarar an karɓi takardunsa masu bin sa za su saurara, bayan wani lokaci kuma a yafe masa. Haka ne, idan bashin na banki ne ko na katin bashi ko na asibiti. Idan kuwa cikin masu bin nasa akwai mai gidan da yake haya, da sauran magana.

Dalili shi ne mai gida yana riƙe da haƙƙi biyu a lokaci guda. Na farko kuɗinsa da suka taru a hannun ɗan haya. Na biyu gidansa, wanda ya ba da bisa sharaɗin za a riƙa biya. Dokar karayar arziki an gina ta ne a kan na farkon: tana tattara basussuka, ta raba wa masu bi ɗan abin da ya samu, ta soke ragowar. Na biyun ba bashi ba ne, mallaka ce, kuma doka ba ta cika son ƙwace wa mutum ikon dukiyarsa saboda wani ya karye ba. Shi ya sa ake samun abin da ke ɗaure wa mutane kai. Kotu ta ce ba a bin ka ko sisi na tsohuwar haya, wata kotun kuma ta ce ka kwashe kayanka saboda wannan hayar da ba ka biya ba. A idon lauya hukuncin biyu ba su ci karo da juna ba. An hana mai gida neman kuɗin, amma rashin biyan ya riga ya faru, yarjejeniya ta riga ta karye, kuma yafewa ba ta mayar da abin da ya faru kamar bai faru ba.

Ƙasashe sun bambanta a yadda suke sassauta wannan tsanani, kuma tsarin Amurka ya fi dacewa a fara da shi domin a can ne aka fi rubuta komai dalla-dalla. Dokarsu ta 1978, a sashe na 362, ta ce daga lokacin da mutum ya shigar da takardarsa, duk wani yunƙurin karɓar bashi daga gare shi ya tsaya, ba sai alƙali ya ba da umarni ba. Kiran waya ya tsaya, ƙara ta tsaya, shari'ar tashin ɗan haya ma ta tsaya. Mai gidan da ya san da wannan ya ci gaba da matsa lamba, ko ya canja makulli, ana iya sa shi biyan diyya. Shekaru da dama 'yan haya na amfani da wannan kariya a ranar ƙarshe, masu gidaje kuma na kuka cewa ana wasa da su. A gyaran da majalisar ƙasar ta yi wa dokar a 2005 aka saurari kukansu. Tun daga lokacin, idan mai gida ya riga ya samu hukuncin karɓar gidansa kafin ɗan haya ya shigar da takarda, dakatarwar ba ta hana shi ci gaba da fitar da shi.

Wannan layi ɗaya ya mayar da lokaci abu mafi muhimmanci a duk lamarin. Mutum biyu, bashinsu ɗaya, gidajensu iri ɗaya, ɗaya ya shigar da takarda ana jibi za a yanke hukunci, ɗayan ya bari sai washegarin hukuncin. Na farko ya samu kariya, na biyu ya yi ihu bayan hari. Akwai wata ƙaramar ƙofa da aka bar wa na biyun, amma matsattsiya ce. Sai dokar jiharsa ta kasance ta yarda ɗan haya ya biya bashi ya ceci hayarsa ko bayan hukunci, kuma ba kowace jiha ta yarda da haka ba. Sai ya rantse a kan hakan a fom tun ranar da ya shigar da takarda, ya ajiye wa akawun kotu hayar kwana 30 masu zuwa, sannan cikin kwana 30 ɗin ya biya duk abin da ake bin sa, gaba ɗaya. Mutumin da ya karye, ina zai samo wannan cikin wata guda? Sai dai in wani ya tsaya masa. Ga kuma sharaɗin cewa kafin a karɓi takardar mutum sai ya halarci zaman shawara kan bashi a cikin kwana 180 da suka gabata, wanda mai gaggawa ke mantawa da shi har ya makara.

Shi ma wanda ya riga hukunci bai kamata ya saki jiki ba. Mai gida na iya neman alƙalin karayar arziki ya ɗage masa dakatarwar, kuma doka ta sa a saurare shi cikin kwana 30. A shari'ar Babi na 7, wato wadda ake sayar da abin da mutum ya mallaka a soke bashinsa cikin kimanin wata huɗu, alƙalai kan amsa wa mai gida, domin hayar gidan zama ba ta da wani amfani ga sauran masu bin bashi. Wakilin da aka naɗa ya kula da dukiyar yana da kwana 60 ya karɓi yarjejeniyar hayar ko ya watsar, idan ya yi shiru an ɗauka ya watsar, kuma shirun ne aka saba gani. Saboda haka abin da Babi na 7 ke ba ɗan haya mai bashi makonni ne, wani lokaci wata biyu. Idan mai gida ya rantse cewa ana lalata masa gida ko ana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ciki, makonnin ma raguwa suke yi, ɗan haya na da kwana 15 kacal ya musanta. Wanda kuma aka kori wata shari'arsa ta karayar arziki ta baya a cikin shekara guda, dakatarwarsa kwana 30 take yi sai in alƙali ya tsawaita. Wanda aka kori nasa sau biyu, ba ta fara aiki ma sai ya roƙa.

Babi na 13 shi ne hanyar wanda ke son zama a gidan. A nan mutum yana da abin shiga, sai a tsara masa biya na shekara 3 zuwa 5, kuma yana iya riƙe yarjejeniyar hayar muddin zai cike giɓin da ya bari "cikin hanzari", ya kuma nuna zai iya biyan na gaba. Dokar ba ta faɗi adadin watannin hanzarin ba, alƙalai sun sha bamban a kai, amma da yawansu ba sa yarda a ja mai gida har shekara biyar kamar sauran masu bi. A ɗauki misali: hayar wata dala 1,200, an tara wata huɗu, bashi ya zama 4,800. Idan aka ce a biya cikin shekara guda, kowane wata sai ya fitar da 1,600, ban da abin da tsarin zai ɗiba domin sauran basussuka da kuɗin lauya. Mutumin da 1,200 ta gagara, a tambaye shi me ya canja da 1,600 za ta yiwu. Idan rashin aiki ne na ɗan lokaci kuma ya koma bakin aiki, lissafin na iya fita. Idan hayar ce tun asali ta fi ƙarfinsa, tsarin zai rushe a tsakiyar hanya, ya rasa gidan, ya rasa kuɗin da ya zuba, ya kuma ɓata damarsa ta samun cikakkiyar dakatarwa a karo na gaba.

Ingila ta bi wata hanyar ta iso kusan wuri ɗaya. A ƙarƙashin dokarsu ta 1986, yawancin hayar gidajen zama ba ta shiga cikin dukiyar da jami'in gwamnati ke karɓa ya raba, don haka karyewa kaɗai ba ta ƙwace wa mutum hayarsa. Tun 2016 ta intanet ake nema, kuɗin nema fam 680, kuma bisa al'ada bayan wata 12 an wanke mutum. Bashin hayar da ya taru kafin ranar da aka ayyana karyewar yana cikin abin da ake sokewa. Amma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Sharples da kamfanin gidaje na Places for People, ta yanke cewa wannan bai hana mai gida samun hukuncin karɓar gidansa bisa dalilin wannan bashin ba. Hujjarta ita ce neman gida ba neman kuɗi ba ne. Abin da ba za a ba shi ba shi ne hukuncin a biya shi tsohon bashin. Hukuncin ya haɗa har da masu odar sassaucin bashi, wato ƙaramar hanyar da aka buɗe a 2009 domin marasa dukiya, wadda tun 2024 take ɗaukar bashin da bai wuce fam 50,000 ba kuma aka cire mata kuɗin nema.

Abin da ke taimakon ɗan haya a Ingila ya fi yawa a dokar haya fiye da dokar karayar arziki. Dokar gidaje ta 1988 ta raba dalilan tashi gida biyu: waɗanda alƙali ba shi da zaɓi idan sun tabbata, da waɗanda zai duba ko tashin ya dace. Bashin haya mai yawa yana cikin na farko, shekara da shekaru iyakarsa wata biyu ce, sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta ɗaga ta zuwa wata uku, ta kuma soke tashin da ake yi ba tare da faɗin dalili ba. Sharaɗin shi ne bashin ya kai wannan adadi ranar da aka ba da notis, ya kuma kai ranar zaman kotu. Ke nan idan aka rage shi ya sauko ƙasa da iyakar kafin zama, ko da kaɗan ne, hannun alƙali ya kwance, yana iya duba halin mutum ya bar shi a gidan bisa sharaɗi. Akwai kuma shirin sararawa da aka fara a Mayun 2021, mai ba da kwana 60 da ba a bin mutum bashi, kuma a cikinsu mai gida ba ya ba da notis ko fitar da shi a kan bashin hayar da ke cikin shirin. Ta hannun masu ba da shawara kan bashi ake shiga, irin su StepChange da Citizens Advice. A ganina wanda ke fuskantar tashi a can ya fi buƙatar waɗannan kwana 60 fiye da gaggawar ayyana karyewa, domin su ne kai tsaye suke taɓa maganar gidan.

Jamus ta yi kamar za ta fi tausayi. Sashe na 112 na dokarta ta karayar arziki ya hana mai gida soke haya saboda bashin da ya taru kafin a nemi buɗe shari'ar. Sai dai wakilin dukiya yakan saki hayar ta koma hannun ɗan haya, kuma a 2015 babbar kotun tarayya ta ce da zarar sakin ya fara aiki, mai gida na iya dawowa da tsohon bashin ya soke haya da shi. Faransa ce ta fi haɗa al'amuran biyu wuri guda: kwamitin da ke duba masu nauyin bashi, wanda babban bankin ƙasar ke gudanarwa, yana iya roƙon alƙali ya dakatar da tashi har zuwa shekara biyu, ga kuma hanin fitar da mutane daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Dakatarwa ce dai, ba mallakawa ba.

To me mutum zai yi da wannan sani?

Abu na farko shi ne hayar da ta biyo bayan ranar shigar da takarda sabon nauyi ce, ba ta cikin yafewa, kuma rashin biyanta ne ya fi saurin rusa kowace kariya. Alƙalin da ya ga ɗan haya yana biyan na yanzu a kan kari yana da abin da zai riƙe ya tausaya masa. Wanda ya ga sabon bashi na hawa kan tsoho ba shi da shi. Nan ne ma amfanin karyewar yake ga ɗan haya, a fakaice: kuɗin da a da ke tafiya ga katin bashi da masu ba da rance yanzu sun tsaya a hannunsa, sai su koma haya. Masu ba da shawara kan bashi sun daɗe suna cewa a fara da bashin da rashin biyansa ke raba mutum da muhalli ko wuta, a bar wanda mai shi ya fi yawan kira. Mutane kan yi akasin haka, domin mai kira kullum shi ke hana barci, mai gida kuwa sau da yawa shiru yake yi har sai notis ya iso.

Na biyu ya fi wuya, domin yana karo da hankalin kowa. Mutum ya ga zai karye, sai ya ce bari in tattara abin da ya rage in biya mai gida tukuna. Doka na iya kallon wannan a matsayin fifita wani mai bi a kan saura. A Amurka wakilin dukiya na iya neman a dawo da abin da aka biya na tsohon bashi cikin kwana 90 kafin shigar da takarda idan ya kai dala 600, idan kuma ɗan uwa aka biya, shekara guda ake dubawa. A Ingila wata shida ne, shekara biyu ga makusanta, ko da yake a can sai an nuna mutum ya yi ne da nufin fifitawa, kuma wanda ya biya don kada a fitar da shi yana da abin faɗa. Biyan hayar wata-wata a lokacinta ba ya cikin wannan. Hanya mafi tsafta ita ce kuɗin su fito daga aljihun wani, ɗan uwa ko ƙungiyar agaji ko asusun tallafin hukuma, su tafi hannun mai gida kai tsaye a matsayin kyauta. Bayan an buɗe shari'a kuma, dokar Amurka ta faɗa ƙarara cewa mutum na iya biyan bashin da aka yafe masa don ra'ayin kansa daga sabon abin da yake samu. Da yawa daga cikin 'yan hayar da suka tsira da gidajensu ta nan suka bi: suka zauna da mai gida, aka yi yarjejeniya a rubuce cewa za a riƙa ɗora wani abu a kan haya, shi kuma ya janye ƙara. A rubuce, na sake faɗa, domin mai gidan da ya karɓi kuɗi ba tare da ya sa hannu a kan janyewa ba yana iya karɓa ya kuma ci gaba da shari'arsa.

Kuskuren da ake yawan yi saboda kunya ko tsoro shi ne ɓoye sunan mai gida daga jerin masu bi, wai don kada ya ji. Takardun nan bisa rantsuwa ake cike su, kuma ana tambayar yarjejeniyar haya da sunanta. Ɓoyewa na iya jawo a hana mutum yafewar gaba ɗaya. Gara ya ji daga bakin ɗan haya, tare da tayin yadda za a ci gaba, da ya ji daga wasiƙar kotu.

Sai maganar wanda ya tsaya wa mutum lokacin karɓar gida, da abokin zaman da sunansa ke kan yarjejeniya. Yafewar ta wanda ya karye ce shi kaɗai. Mai gida na da damar juyawa kan garanto ya nemi kuɗinsa cif, kuma galibi uwa ce ko wa ko aboki. Babi na 13 a Amurka yana ba irin waɗannan kariya ta ɗan lokaci, Babi na 7 ba ya bayarwa. Ya kamata su sani tun kafin a shigar da takarda. Kuɗin ajiyar da aka bayar a farkon haya kuwa, kada a sa rai da su, yawanci mai gida zai cire bashinsa daga ciki.

Irin gidan ma yana canja lissafi. Dokar Amurka ta hana hukumar gwamnati nuna wa mutum bambanci saboda bashin da aka yafe masa, kuma a 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi amfani da wannan ta hana hukumar gidaje ta garin Brattleboro da ke jihar Vermont fitar da 'yar haya, ko da yake ba duk kotunan ƙasar suka bi wannan fahimta ba. A 2014 kotun ƙoli ta jihar New York ta hana wakilin dukiya sayar wa mai gida haƙƙin wata dattijuwa a gidan da doka ta ƙayyade hayarsa. Wanda ke zaune a gida mai rangwame irin wannan yana riƙe da abin da ba zai sake samu da sauƙi ba, ya cancanci a yi faɗa dominsa har ƙarshe.

Ba kowane gida ne ya cancanci haka ba, kuma a nan nake ganin ana yawan cutar mutane da shawarar da ta fi daɗin ji. Ga wanda hayar ta fi ƙarfinsa, dokar karayar arziki ta fi iya taimaka masa ya fita da sauƙi fiye da ta riƙe shi a ciki. A Amurka idan aka watsar da yarjejeniyar, hayar watannin da suka rage a cikinta tana komawa cikin tsohon bashi a soke ta tare da shi, sai dai kwanakin da ya zauna bayan shigar da takarda. Makonnin dakatarwa sun isa a nemi wuri mai araha, a daidaita da mai gida kan ranar miƙa makulli a madadin janye ƙara. Wannan janyewar tana da daraja, domin masu gidaje a can suna binciken tarihin mai neman haya, hukuncin tashi na iya bin mutum shekara 7 a irin waɗannan rahotanni, karyewa kuma har shekara 10. Mai gida na gaba yana iya haƙura da wanda ya karye amma bai bar bashin haya a baya ba, wanda kotu ta taɓa fitarwa kuwa da wuya ya saurare shi. A Ingila shekara 6 karyewa ke yi a rahoton bashi, amma a can akwai tarko ta ɗaya gefen: wanda ya miƙa makulli da kansa tun kafin a tilasta masa, ƙaramar hukuma na iya cewa shi ya jawo wa kansa rashin muhalli, ta rage taimakon da za ta ba shi. Ɗan haya a Ingila sai ya ji ta bakin mai ba da shawara kan gidaje, irin su Shelter, kafin ya sa hannu a kan kowace takardar tashi, kuma notis kaɗai ba ya fitar da shi, sai da hukuncin kotu da ma'aikatanta.